Mota Mai Fiffike Daga Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban samu sakat ba. In na zauna wurin mai shayi, tambaya. In na fito daga masallaci, tambaya. Har masu kawo min mota da ƙofa a lotse sai sun nemi labarin tafiya kafin su nuna min inda aka buge su. Kowa kuma so yake in fara masa daga tsakiya, wato daga abin da ya faru a ƙauye. Ni ba haka nake aiki ba. Ba a fesa fenti kafin a miƙar da ƙarfe. Saboda haka na zauna na rubuta shi a jere, daga fita har dawowa. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta.

Sunana Sabi'u. Sana'ata gyaran jikin mota, abin da ake kira fanel-bita, garejina kuma yana kan hanyar Kagoro a nan Kafanchan. Babban mai kawo min aiki shi ne Oga Danladi, dillalin citta, mutumin wani ƙauye da ke bayan Nok. Shekara da shekaru duk motar da ya mallaka, manyan da ke kai citta kudu da ƙananan gida, ba mai ɗora musu guduma sai ni. In na ce rabin tuwon gidana daga motocinsa yake fitowa, ban yi ƙarya ba. Ku riƙe wannan, shi ne gindin labarin.

Wata safiya cikin damina ya tsaya a bakin gareji, bai ko kashe inji ba.

"Malam Sabi'u, ka shirya jaka. Na ga wani mota a Legas, ja, ƙofa biyu. Ina so ka duba min jikinshi kafin in saya."

"Ranka ya daɗe, ƙofa biyu? Iyali fa?"

"Wannan ba na iyali ba ne, na gudu ne. In mun gama za mu wuce Kwatano, Bitrus zai sa mishi kaya."

Sai da na ajiye gudumar da ke hannuna. Bitrus ɗan Fadan Kaje ne. Wurin maigida ɗaya muka koyi aiki, kusa da tashar jirgi, ya same ni na riga na yi nisa. Ni na koya masa riƙon guduma. Waldarsa ta farko kamar kaza ta bi ta kan ƙarfen ta yi kashi. Daga baya ya bi wani direba kudu, muka riƙa jin labari wai yana Kwatano, wai ya bar ƙarfe ya koma wani abu da ake kira faiba. Ban taɓa ɗaukar maganar da nauyi ba sai ranar.

Matakin farko shi ne hanya. Mun bi ta Kwoi da Keffi zuwa Abuja, can muka shiga doguwar bas. Wata mata 'yar Idoma ta zauna a gefena da kwandon busasshen kifi, ta ƙi yarda a sa shi a but, sai ta ɗora rabinsa a cinyata tana kirana "mai hozban", wai mijinta, don kar in yi magana. Na yi magana duk da haka, na ce mata kujerar da na biya tawa ce har da cinyar. Ta yi dariya ta ba ni kifi ɗaya, kwandon kuwa bai motsa ba har Okene. Oga Danladi bai san ana yi ba. Tun daga Abuja idonsa na kan waya, yana kallon motocin da Bitrus ya turo masa. Jim kaɗan sai ya zungure ni.

"Ka ga hannun yaron nan! Kai, Malam Sabi'u, duba mana."

Na duba. Yaron da ake magana, rabonsa da baƙin gashi ya daɗe.

A Legas mun sauka wurin mutanensa 'yan citta, a wani ɗaki da ke manne da sito. Wanda bai taɓa kwana kusa da buhunan busasshiyar citta ba bai san atishawa ba. Abinci kuwa amala aka kawo da wata koriyar miya mai yauƙi, na ci don yunwa. Washegari muka je ganin mota. Gaskiya kyakkyawa ce, gajeriya, kamar kyanwa ta yi kwanton ɓauna. Na fiddo maganaɗisun da nake yawo da shi, na bi jikinta da shi. Inda ƙarfe ne zalla yana kamawa, inda aka cike da fila aka rufe da fenti yana sakin jiki. Wuri ɗaya kawai ya saki, a bayan tayar hagu, kuma ba wani babba ba ne. Na ce a saya. Oga Danladi ya dafa kafaɗata ya ce, "Shi ya sa ba na tafiya ba kai." Na rubuta wannan ne domin shi ne yabo na ƙarshe da na ji da sunana a tafiyar.

Mataki na gaba iyaka. Daga Badagry zuwa Seme shingaye sun fi ƙauyuka yawa. Jar mota irin wannan kuwa ba ta wucewa a ɓoye. Wani ya duba takarda, wani ya duba but, wani ya ce shi dai a bar shi ya zauna a kujerar direba ya ji yadda take. A can tsallaken aka buɗe jakata aka ga ƙaramar guduma da maganaɗisu. Jami'in ya ɗaga su yana ta Faransanci, ni kuma ina ta Hausa, ba wanda ya rage murya. Sai wata Hajiya 'yar canji, mutuniyar Nijar, ta taso daga ƙarƙashin lemarta.

"Malam, cewa yake me kake yi da su. Na ce masa kai makanike ne."

"Hajiya, ni ba makanike ba ne. Fanel-bita ne. Makanike inji yake yi, ni jiki."

"Bawan Allah, a nan duk mai baƙin farce makanike ne. Ka ce i, ka wuce, rana na yi."

Na ce i, amma ban ji daɗi ba.

Bitrus ya tarye mu a bakin garin. Ya yi ƙiba, ya sa tabarau, rigar aikinsa fara ce tas. Fara, jama'a. Ya taho da gudu ya rungume ni, yana kirana da sunan da yaran gareji ke kiran na gaba da su.

"Siniya! Siniya na! Kai ne haka? Har yanzu fuskan nan ba dariya?"

"Har yanzu ban ga abin dariya ba," na ce masa. "Yaya iyali?"

Ya kai mu shagonsa. Zan faɗi abin da na gani, ba ƙari ba ragi. Ƙasa siminti ce mai santsi, ana share ta. Wurin fesa fenti ɗaki ne guda da ƙofarsa, ba ƙarƙashin mangwaro ba inda ƙuda ke sauka a kan ɗanyen fenti. Wuta ba ta ɗauke ba tun shigarmu har fitarmu. Abin da ya fi damuna shi ne shiru. Gareji ne, amma ba ƙarar guduma ko ɗaya. Ma'aikatansa suna shimfiɗa wani zare-zare fari kamar auduga a cikin abin zubi, irin yadda masu buga bulo ke yi, su shafe shi da wani ruwa mai kauri mai warin tsiya, su bar shi ya bushe. In an ɓamɓaro sai ka ga bambar mota ta fito sumul. Wannan shi ne faiba. Bisa sabo na fiddo maganaɗisuna na manna a jikin wata bamba. Ya faɗi ƙasa, ya gangara ƙarƙashin tebur. Ma'aikatan suka kwashe da dariya. Bitrus ya tsawata musu da Faransanci, ya durƙusa da kansa ya ɗauko min. Da ya bar su sun yi dariyarsu da ya fi min sauƙi.

Kafin ya taɓa motar sai ya ce mu fita babban titi Oga ya ji yadda take a tsirararta. Oga Danladi ya kama tuƙi, Bitrus ya zauna a gaba. Ni aka kwantar da kujera na kutsa baya, wurin da ko akuya sai ta yi ƙorafi, gwiwoyina a haɓata. Titinsu shimfiɗaɗɗe ne, ba rami. Oga ya taka. Da gudu ya yi gudu sai na ji motar ta fara wani lilo, kamar kwalekwale. Muka zo wuce wata tirela, iskarta ta ture mu gefe, Oga ya damƙe sitiyari.

"Yesu! Bitrus, sitiyarin ya yi sako-sako a hannuna!"

"Yawwa, Oga, rage. Abin da nake so ka ji ke nan. Yanzu sauke gilas, fitar da hannunka. Ɗaga yatsu sama kaɗan."

Hannun Oga ya yi sama da kansa.

"Yanzu karkata su ƙasa."

Hannun ya yi ƙasa.

"To, motan ma haka ne. In kana gudu, iska yana shiga ƙarƙashinshi yana ɗaga hancin, taya ba ya danna titi sosai, shi ne ka ji sitiyari kamar ba naka ba. Zan sa leɓe a ƙasan bamban gaba ya tare iskan. Zan sa siket a gefe biyu kar wani iskan ya kutso. A baya kuma fiffike, amma juyayye, ba irin na jirgi ba. Na jirgi yana ɗagawa, wannan yana dannawa. Sai dai dole a haɗa su duka. In ka sa fiffike kaɗai ka danne baya, gaban zai ƙara tashi, gara ma ba ka sa ba. Yaran da ke manna shi a but don gayu, wahala kawai suke ja wa injin."

"A cikin gari fa?" na tambaya daga baya.

"A cikin gari ado ne kawai, Siniya. Sai an yi gudu yake aiki."

Na so ya yi ƙarya in kama shi, bai yi ba. Oga Danladi ya ci gaba da wasa da hannunsa a iska, sama, ƙasa, yana dariya. Mutumin da na shekara da shekaru ina yi wa bayanin ƙarfe yana amsa waya.

Maganar masauki. Oga aka ba shi ɗakin baƙi a gidan Bitrus, mai na'urar sanyi. Ni aka kai ni unguwar Zango, gidan wani dattijo Bahaushe, wai don in kasance kusa da masallaci. Dattijon mutumin kirki ne, ɗakin ma ba laifi, kuma na san Bitrus da kyakkyawar niyya ya yi. Amma duk safiya in na iso shago sai in tarar da su biyun sun riga sun karya tare, suna ƙarasa wata hira da ba a fara da ni ba.

Garin yana da abubuwan da suka bambanta da namu. 'Yan acaɓarsu duk riga ɗaya suke sawa, ruwan ɗorawa, da lamba a baya, kuma a wasu titunan an ware musu layinsu. Fetur a manyan kwalabe ake jera shi a bakin hanya kamar man ja. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi. Suna cin wani abu kamar kafa da soyayyen kifi da yaji, wannan kam na yaba. Abin da na kasa ganewa shi ne da rana ta take sai a rufe shago, kowa ya tafi ya ci abinci ya miƙe ƙafa, sai can a dawo. A garejina wanda ya kwanta da rana ya sallami kansa. Su kuwa suna kwanciya, kuma sun fi mu samu. Na yi ta juya wannan a raina ban ga inda adalcin yake ba.

Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci aka gayyace ni cin abinci. Matar Bitrus, Maman Alheri, ta tarye ni da zakara a hannu ɗaya, wuƙa a ɗaya.

"Malam, ga shi ka yanka da kanka yadda za ka iya ci. Tukunyan ma sabo ne, ban taɓa sa komai a ciki ba."

Wannan halin mutanenmu ne na gida, kuma na gode mata. Ta yi faten acca, da yakuwa da gauta, irin wanda rabona da shi tun rasuwar wata maƙwabciyarmu. Mutum yana ƙasar wasu, amma accar da ke tukunyarsa ta fi ta gidana. Ina cikin ci ta zauna a gefe tana fifita da faifai.

"Ai mun kusa zama maƙwabta, Malam. Ni na gaji da Faransanci, ina so yara su san gida."

"Maƙwabta a ina?"

"A Kafanchan mana. Oga bai gaya maka ba? Zai ba Baban Alheri filinshi na hanyan Kagoro ya gina shago. Baɗi in Ubangiji ya yarda."

Filin nan na san shi. Daga ƙofar garejina in ka yi jifa za ka same shi. Na dubi Oga Danladi, ya duƙufa a kan cinyar zakara. Bitrus ya ce, "Siniya, da ma ina so mu zauna in gaya maka." Na ce Allah ya sanya alheri, na wanke hannu. Faten bai ƙare ba, amma ni na ƙoshi.

Daga ranar na tsaya a kan aikin da idon neman aibi. Na duba yadda suka ɗaure fiffiken: ba a fatar but suka huda suka bari ba, sun sa ƙarfe mai kauri daga ciki ya riƙe shi. Na duba tsakanin bamba da fitila, ba gibi. Na duba fenti a rana, jan ya zo ɗaya da na jikin. Aibi ɗaya na samu, na kuma faɗe shi a gaban kowa.

"Motar nan ta yi ƙasa da yawa. Tsakanin leɓen nan da titi ko tafin hannu da kyar. Hanyarmu ba irin taku ba ce."

"Gaskiyanka ne, Siniya," in ji Bitrus. Ya shiga ciki ya fito da katako biyu da ya riga ya fere bakinsu. "Oga, in kun zo bam, tudun nan na kan titi, a sa waɗannan, ka hau a karkace, a hankali. Rami kuma ka kewaye."

Ko aibin da na samo ya riga ni tanadar masa.

Yanzu dawowa. Ba zan maimaita iyaka da shingaye ba, abin da muka gani a zuwa shi muka gani, sai dai yanzu masu son zama a kujerar direba sun ƙaru. Bayan Lokoja akwai wani wuri da titi ya miƙe ya yi kyau, motoci kuma suka yi sauƙi. Oga ya dube ni ya ce, "Malam Sabi'u, ɗaura bel." Ya taka fiye da yadda ya taka a Kwatano. Na zauna ina jiran lilon nan. Ina jiran sitiyari ya yi rawa ko sau ɗaya, ko leɓen ya fara kaɗawa, ko wani noti ya yi ƙara. Sai na ji akasin haka. Yadda gudun ke ƙaruwa haka motar ke ƙara zama, kamar wani ƙato ya ɗora mata tafin hannu daga sama. Muka wuce tankar mai, ko gezau. Muka shiga lanƙwasa, ta bi ta kamar jirgin ƙasa a kan dogo. Na ce masa ya rage, domin fiffike ba ya hana saniya tsallaka titi, kuma ya rage. Amma abin ya yi aiki. Na faɗa, na kuma rubuta. Da muka tsaya shan mai ya kira Bitrus ya yi ta zuba masa kirari a waya, ni ina tsaye ina goge ƙwarin da suka mutu a gilashi.

Daga Keffi zuwa Kwoi aikina ya koma na ɗan dako. Kun san hanyar, kowane ƙauye ya gina nasa tudun a kan titi, wani ma biyu a jere. Duk inda muka zo ɗaya sai in fita, in shimfiɗa katako, in yi wa Oga alama da hannu, ya hau a karkace, in kwashe in koma. Masu sayar da masara suna ta ihu, "Jirgi ya sauka!" Wani tsoho ya tambaye ni ko ni ne yaron motar.

Na ce mu wuce Kafanchan kai tsaye, Oga ya ce haram. A wurinsu sabuwar mota ba ta kwana a gari sai an fara kai ta ƙauye, uwa ta ɗora mata hannu, fasto ya yi addu'a. Haka ya yi wa duk motocinsa, ni shaida ne. Muka saki kwalta bayan Nok muka kama turɓaya, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. An riga an san da zuwanmu. Matan zumunta sun yi anko suna waƙa da kaɗa tulu, maza sun baro gonakin citta da laka a ƙafa. Saura kaɗan mu kai harabar coci sai ga inda ruwan sama ya yanke hanya, rami mai faɗi. Na gwada katakon Bitrus, suka gaza. Aka ce akwai dogaye a bayan coci, inda ake rufin ajin yara. Na tafi ɗaukowa. Oga kuma ya fita ya je ya durƙusa gaban ƙanin mahaifinsa yana gaisuwa, ya ba motar baya.

Ga abin da Bitrus ya manta. Ya tuna rami, ya tuna bam, bai tuna mutanenmu ba. A ƙauyukan nan mota ba ta maƙalewa a tsaya ana kallonta. Akori-kura ta kafe ranar kasuwa, ƙarti su taru, kowa ya kama inda hannunsa ya samu, a ɗaga ta cak a ajiye a tsallake. Haka suka saba tun kakanni suka fara ganin mota, kuma ba a jiran a roƙe su, domin jira a roƙe ka rashin zumunci ne. Da suka dubi wannan kuwa, sai suka ga ba su taɓa samun mota mai wurin kamawa irinta ba. Ga mariƙi a baya kamar an yi shi don hannu, ga baki a gefe, ga baki a gaba.

Ina fitowa daga bayan coci da katako a kafaɗa na hango su sun kewaye ta, sun duƙa. Na yar da katakon na kwarma ihu, "Kar ku ɗaga! Ku sake ta!" Waƙa da guɗa suka shanye muryata. Wani ya ba da murya, suka yunƙura gaba ɗaya.

Ƙarar ba irin ta ƙarfe ba ce. Kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Motar ba ta motsa daga inda take ba, kayan ne suka tashi. Waɗanda suka kama fiffike suka faɗi zaune, kowa da rabi a hannu. Siket ɗin dama ya taho gaba ɗayansa, na hagu ya tsage. Leɓen gaba ya rabu uku. Waƙa ta tsaya.

Ƙanin mahaifin Oga ya karɓi rabin fiffiken, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa.

"Danladi, an cuce ka. Wannan roba ne."

Ba a yi wa dangi faɗa a kan taimako, balle a gaban coci. Ƙartin suka tsaya da guntaye a hannu ba su san inda za su ajiye ba. Daga baya aka kama ta ta ƙarfe aka tsallakar da ita, mahaifiyarsa ta fito da sanda ta ɗora hannu a kan bonet, fasto ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙi tsari daga haɗari. Tsohuwar ta ce motar ta fi kyan gani yanzu da aka cire mata tarkacen.

Ni kuwa, tunda na ce zan faɗi komai a jere, a lokacin wani sanyi ya ratsa ƙirjina. Na ce a raina, to, ga faiba ga ƙasarmu. Ƙarfe da sun ɗaga shi ya lanƙwashe, in miƙar da shi kafin magariba. Yau Oga zai gane wanda ya dace da Kafanchan.

Sanyin bai kai ni Kwoi ba. Muna tafe, guntaye cike da kujerar baya, Oga ya yi gyaran murya.

"Malam Sabi'u, za ka iya gyara shi?"

Na jawo rabin fiffiken na duba bakin karayar. Zare ne ya tsattsage. Ba inda guduma za ta shiga, wuta kuwa cinye shi za ta yi.

"Zan iya ƙera maka irinsa da ƙarfe, ranka ya daɗe. Ba mai karya shi."

"Ƙarfe zai yi nauyi. Kuma karkatan fa? In bai zauna daidai yadda Bitrus ya auna ba, baya zai danne, gaba ya tashi. Ka ji abin da ya ce."

Bakin Oga ne, maganar Bitrus ce. Sai da muka wuce wani ƙauye sannan na ce, "To ban iya ba." Tun da na buɗe gareji ban taɓa faɗa masa wannan kalmar ba.

Nan take ya faka a gefen hanya ya kira Kwatano. Na ji Bitrus yana salati irin nasu ta cikin wayar. Oga ya ce masa maganar baɗi ta tashi, ya tattaro kayan zubinsa ya taho yanzu, tunda abu ne mai karyewa dole mai gyaransa ya zauna kusa. Bitrus ya ce ai ba a ko sa harsashin shago ba. Oga ya juyo ya dube ni.

"Malam Sabi'u zai ba ka gefe a garejinshi kafin a gama. Ko ba haka ba, Malam? Ai ɗan'uwanka ne."

Mutumin da rabin tuwonka ke hannunsa in ya ce ko ba haka ba, haka ne.

Ga inda abin ya tsaya. Bitrus yana garejina, ɓangaren gabas, ya kewaye shi da leda saboda ƙura. Na kafa masa sharuɗɗa: ba kwanciyar rana, ba Faransanci, kuma warin ruwan nan nasa kar ya zo inda nake salla. Ya kiyaye duka, yana kuma kirana Siniya a gaban kowa. Jar motar ta koma yadda take, Oga ya sa an rubuta a gilashin baya cewa kar a ɗaga. Manyan motocin citta har yanzu nawa ne. Ƙananan kuwa, na Oga da na abokansa, yanzu gabas suke nufa.

Shekaranjiya matar Oga ta kawo tata, wani ɗan acaɓa ya lotsa mata ƙofa. Ƙarfe ne zalla, aikina tun ina saurayi. Ta tsaya a gabana ta ce, "Sannu da aiki, Malam Sabi'u. Oga Bitrus yana ciki?" Na nuna mata da guduma. Bayan ta tafi sai ga Bitrus ya zo yana sosa ƙeya.

"Siniya, ka taimake ni. Hannuna ya manta ƙarfe."

Na miƙar da ƙofar har ba ka gane inda aka buga, ko fila ban sa ba. Shi ya fesa fenti. Jiya ta zo ɗauka, ta shafa wurin da tafin hannu, ta sake shafawa, ta ce, "Kai! Hannun Kwatano daban ne."

Bitrus ya buɗe baki zai yi magana, wayarta ta yi ƙara, ta shiga mota tana amsawa ta ja ta tafi. Ni kuma na ɗauki gudumata na koma kan motar citta.